Na'urar awon ƙarfi ta hannu: za a iya dogara da ita a tsokar baya da ta ciki?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sashenmu na gashin ƙashi (fisiyo) ya samu na'urar awon ƙarfi ta hannu mai suna MicroFET2, muna so mu riƙa auna ƙarfin baya da ciki ga masu ciwon baya. Sai dai majinyaci ɗaya, rana ɗaya, ni na samu niyutan (ma'aunin ƙarfi) 210, abokin aikina ya samu 290. Na'urar ce ke ƙarya, ko mu ne?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki zargi na'ura, ki gwada ta. Ajiye ta a daɓe mai tauri, ki aza mata nauyin kilo 10 da kika tabbatar da shi. Kusan niyutan 98 ya kamata ta nuna. Ki kuma duba ko wani ya mayar da ita fam ko kilo. In ta ci wannan jarrabawa, to laifin na hannu ne. Tsokar baya ta fi hannun mai awo ƙarfi, da zarar majinyaci ya fara ture ki, ƙarfinki na'urar ke rubutawa, ba nasa ba. Ku nemi bel marar talewa, ku zagaye gadon da shi, na'ura tana tsakanin bel da jikinsa. Hannunki riƙo kawai zai yi kada ta zame.

Amsa ta biyu:
Ƙari a kan maganar Malam. Kada ki danna don ki karya ƙarfinsa. Shi zai tura, ke ki tsaya cik. Wannan hanya ta fi maimaita sakamako. Ya fara a hankali, ya kai ƙarshen ƙarfinsa, ya riƙe daƙiƙa 5. Gwajin koyo ɗaya tukuna, sannan uku na gaske, da hutun minti ɗaya tsakani.

Amma inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin ɗorawa. Na baya, yana ruf da ciki, na'ura tsakanin allunan kafaɗa. Na ciki, yana kwance rigingine, na'ura a kan ƙashin ƙirji, ƙasa da ramin wuya. In kika sauko da ita kusa da ƙugu, lamba za ta hau alhali ƙarfinsa bai ƙaru ba, don tazarar da ke tsakaninta da ƙugu ta ragu. Saboda haka ki sa alama da biro, ki auna tazarar da tef, ki rubuta a kati. A ɗaure ƙugu da bel na biyu, in ba haka ba tsokar ɗuwawu da ta bayan cinya za su taya shi. Har kalmomin da za ku faɗa masa su zama iri ɗaya, domin mai cewa "tura, tura!" da ƙarfi ya fi mai shiru samun lamba.

Amsa ta uku:
Kada ICC (lambar da ke nuna yadda sakamakon awo ke maimaituwa) mai 0.9 a takardun bincike ta ruɗe ku, tana iya hawa don kawai mutanen da aka auna sun bambanta sosai. Ku auna majinyata kaɗan sau biyu, ku fitar da SEM ɗinku (ƙiyasin girman kuskuren awo), ku ninka da 2.77. In SEM niyutan 15 ne, duk canjin da bai kai 42 ba yana iya zama kuskuren awo. Kuma wanda ya auna ranar farko shi ya ci gaba.

Amsa ta huɗu:
Malama, a rubuta matakin zafi kafin awo, don tsoron ciwo yake hana mutum turawa. Mai hawan jini kuwa a ce ya riƙa fitar da numfashi, kada ya riƙe.