Madarar ƙofar gida a ƙananan garuruwan Ingila

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Tsofaffin mutanen ƙananan garuruwan kasuwa na Ingila, irin su Ludlow da Skipton, in suna hirar da, sai sun ambaci mai kawo madara da asuba. Don Allah yaya tsarin yake, kuma me ya durƙusar da shi?

Malam Na Bakin Kasuwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun kafin gari ya waye yake fitowa a wata ƙaramar mota mai batir, ba ƙara, ba gudu, don kada ya tashi masu barci. Kwalbar gilashi ce mai cin mililita 568, da murfin alminiyam. Launin murfin ne ke nuna abin da ke ciki: ruwan azurfa madara ce cikakkiya, ruwan zinariya ta shanun Jersey da Guernsey mai yawan maiƙo, kore kuwa ɗanya ce da ba a dafa ba. Da dare uwar gida ta ɗauraye kwalaben jiya ta ajiye a dokin ƙofa. In tana son ƙari, sai ta nannaɗe 'yar takarda ta cusa a bakin kwalba. Kuɗi sai ƙarshen mako yake bi gida-gida ya karɓa. Amana ce ta riƙe harkar.

Hajiya Uwar Biyu:
Malam, a ƙara da matsalolin. Akwai wani ɗan tsuntsu mai shuɗin kai da ke huda murfin ya shanye maiƙon da ya taso sama. An fara lura da hakan a 1921 kusa da Southampton. Maganinsa a bar kofi a waje, mai madara ya kifa a kan kwalbar. Lokacin sanyi madara kan daskare ta kumbura har ta ɗaga murfin, kamar a hunturun 1962 zuwa 1963. Da zafi kuma rana na ɓata ɗanɗanonta, don haka gidan da ba firji sai a tsoma kwalbar cikin bokitin ruwan sanyi.

Ɗan Zangon Kumasi:
Kafin 15 ga Fabrairu 1971 da fam, sule da kwabo ake biya: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, lissafin da Najeriya ma ta yi amfani da shi har 1973. Firji da manyan kantuna masu sayar da madara a gorar roba da araha su suka janye masu saye. Abin takaici, tsohuwa mai zaman kaɗaici ta rasa mai lura: da, in kwalaben jiya na nan ba a ɗauka ba, mai madara ke fara ƙwanƙwasa ƙofa.