Me za mu kira mai tsayar da motoci don yara su tsallaka?

Maman Husna: Assalamu alaikum. Ina da rahoton da zan karanta a shirin ƙarfe 6 na yamma, kalma ɗaya ta hana ni gamawa. Labarin ƙananan hukumomin Birtaniya ne da ke fama da ƙarancin mutanen nan masu tsayawa a bakin makaranta da safe da lokacin tashi, sanye da riga mai ɗaukar ido, su tsayar da motoci har yara su haye. Amurkawa na ce musu crossing guard. A Ingila kuwa lollipop lady ko lollipop man, don sandarsu mai faifai a kai ta yi kama da alewa mai tsinke. Aikin ɗan lokaci ne safe da rana, kuɗin ba yawa, shi ya sa masu yi suke wuyar samu. Sau 7 sunan ya fito a rahoton, ba zan yi ta bayani kowane karo ba. Ku taimaka.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai ba da hannu mana.

Maman Husna: Shi na fara rubutawa, na goge. Mai sauraro zai hango ɗan sanda ko ɗan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, a shataletale. Waɗannan kuwa farar hula ne, da yawansu dattawa da suka yi ritaya. Amma doka na bayansu tun 1953, kuma direban da ya ƙi tsayawa ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000, a sa masa maki 3 na laifi a lasisin tuƙinsa.

Malamin Nahawu: Kada dai wani ya kawo matsallaki. Matsallaki shi ne wanda ya tsallaka da ƙafarsa, matsallaka kuma wurin, wato inda aka yi zanen fari. Wanda ya sa wani ya tsallaka, tsallakar da shi ya yi. Don haka mai tsallakar da yara, jam'i masu tsallakar da yara.

Baban Zara: Malam, wannan ai jimla ce, ba suna ba. Muna da kalmar tun kaka da kakanni: fito. A Yawuri na tashi, bakin Kwara. Mai fito shi ke ɗaukar ka daga wannan gaɓa ya kai ka waccan, ya san inda ruwa ke da ƙarfi, ba ya tashi sai kowa ya zauna. Titin yau kogi ne, motoci su ne igiyar ruwan. Mai fiton ɗalibai. Gajere ne, namu ne, kuma akwai amana a cikinsa.

Ɗan Maraɗi: Baba, ka yi haƙuri. A wajenmu, da ma Jibiya da sauran bakin iyaka, in ka ce ɗan fito, mai tsallako da kaya ta ɓarauniyar hanya ake nufi. Hajiya ta ce fiton yara a rediyo, wallahi wasu safarar yara za su ji.

Baban Zara: Don 'yan fasa-ƙwauri sun ɓata kalma sai mu sallama musu ita? Masu kwalekwale sun riga su.

Almajirin Harshe: Ni abin da ke ci min rai, kowa nan sai titi yake cewa. Titi ba Hausa ba ce. Gwadabe muke da shi. Kullum aro, har yaushe?

Ɗan Fagge: To mota fa? Direba fa? Ka ce gwadabe a Kano yau, rabin yara ba su san shi ba.

Ɗan Maraɗi: Matsalar ke nan, komi sai a auna da kunnen Kano. Mu ma muna sauraren shirin nan. In mun ce lakwal a ce Faransanci ne, amma ku ce firamare a ce daidaitacciyar Hausa ce.

Ɗan Fagge: Ba ni na zaɓi karin Kano ba, ɗan'uwa, haka muka tarar a littattafai.

Anti Malama: Don Allah ku dawo kan magana, lokaci na tafiya. Japanawa ba su ari kalmar kowa ba. Da aka fara aikin a Tokyo a 1959, mutane suka dubi kayan matan suka ce midori no obasan, wato inna mai koren kaya. Sunan daga bakin jama'a ya fito. A makarantar da nake koyarwa babu wanda aka ɗauka don wannan aiki. Maigadinmu ne ke fita da jan ƙyalle a kan sanda, tun ranar da babur ya buge wata yarinya 'yar aji 2 a gabana, ta karye a ƙafa. Ba a ƙara masa ko kwabo ba, kuma in ya fita titi ƙofa ba kowa. Yara Baba Tsaya suke ce masa. Ina ganin rashin sunan daga rashin ma'aikacin ne. Ranar da aka ɗauke su aiki da albashi, suna zai zo.

Malamin Nahawu: Baba Tsaya ya yi daɗi, Malama, amma laƙabi ne, ba shi da jam'i, kuma in mace ce fa?

Baban Zara: Mai fito kuwa ya ɗauki mace da namiji.

Malamin Nahawu: Mai tsallakarwa ma haka.

Maman Husna: Na gode muku. Saura minti 40. A karon farko zan ce masu tsallakar da ɗalibai titi, in bayyana rigar da sandar, daga nan sai masu tsallakarwa kawai. Alewar kuwa na cire ta gaba ɗaya, don muna hana yara bin baƙo mai alewa. Anti, in kin yarda zan neme ki kan maganar maigadin, shiri ne guda.

Almajirin Harshe: Titin dai ya zauna ke nan.

Baban Zara: Ki karanta hakan yau, 'yata, tunda lokaci ya ƙure. Amma ban janye ba. A gwada fito a kunnen mutanen bakin ruwa tukuna.