Na sauƙaƙa aikin ofishinmu, yanzu ina tsoron a sallami wani ta dalilina

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina sashen lissafi na wani kamfani, mu biyar ne. Duk ƙarshen wata sai mu shafe kwana huɗu muna haɗa rasit da takardun banki, layi bayan layi. Ni kuma tun ina makaranta nake son kwamfuta, ba ma fannina ba ne, a waya na koya da daddare, wani lokaci har ƙarfe biyu, har maiɗakina ta fara ƙorafi. Wata shida ina haɗa wani tsari a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya lalace ya fi a ƙirga, sau ɗaya ma ya share min aikin mako guda. Yanzu dai ya zauna, aikin kwana huɗun ya koma na wuni ɗaya. Manaja ya gani, ya ce in nuna wa shugabanni ranar Litinin. Damuwata wani dattijo ne, Baba muke ce masa, shi ya koya min aiki da na zo, kuma haɗa rasit ɗin nan shi ne aikinsa. In nuna, ko in ce abin ya lalace?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Ka nuna abinka ɗana, ka daina wannan fargabar. Tsoron nan ya girme mu duka. A Ingila tun 1811 masaƙa suka riƙa farfasa injinan saƙa don kada su ƙwace musu sana'a, aiki bai ƙare a duniya ba. A Amurka wajen 1900 kusan kashi 40 cikin ɗari na ma'aikata a gona suke, yau ba su kai kashi 2 ba, kuma jikokinsu ba zaman banza suke ba. Da ATM ya bazu a can an ce ma'aikatan kanta a banki sun gama yawo. Sai buɗe reshe ya yi araha, bankuna suka ƙara rassa, yawan ma'aikatan bai faɗi ba tsawon shekaru. In aiki ya yi sauri kaya sukan yi sauƙi, mutane su ƙara saye, a ƙara ɗaukar ma'aikata.

Abu Ammar:
Yallaɓai, da girmamawa, haka aka faɗa mana. Shekara 11 na yi a wani wuri ina shigar da bayanai. Aka kawo sabuwar manhaja, ni da hannuna na koya wa yaran da aka bari, bayan wata biyu aka miƙo min takarda. Ko sannu manajan bai ce min ba, har yau haƙƙina bai fito duka ba. Ɗan'uwa ka ɓoye abinka, ka riƙa gama aikinka da wuri kana hutawa.

Maman Biyu:
Tukuna dai. Manajan ya ce za a rage ma'aikata ne, ko kai ka raya a ranka? Kuma ka yi wa Baban magana?

Mai neman shawara:
Bai faɗa ba Hajiya, amma na san halinsu. Baba kuma ba zan iya tunkararsa da wannan ba, da wane ido? Masu turo min saƙo cewa neman suna nake, wallahi ba haka ba ne. Gajiya ce ta sa na yi, kowa a sashen yana kuka da ƙarshen wata.

Tsohon Akawu:
Abu Ammar, Allah Ya musanya maka da mafi alheri, amma shawararka ha'inci ce. Manaja ya riga ya gani. In yaron nan ya ce ya lalace, gobe su sayo irinsa a waje, ya rasa amana, Baban ma bai tsira ba. Shekara 30 na yi a wannan aiki, na ga zuwan kwamfuta ofis da idona. Masu rubuta lissafi a littafi sun ragu, akantoci masu nazarin alƙaluma sun ƙaru.

Injiniya:
Tsohon Akawu, misalanka gaskiya ne amma ba su shafi wannan ofishin ba. Banki ya ƙara rassa ne don akwai masu buƙatar reshe. Rasit ɗin kamfaninsu kuwa ba zai ƙaru don Excel ya yi sauri ba. Kwana uku sun yi rara, ko a cika su da wani aiki ko a rage mutum. Kuma masaƙan da ka ambata, jikokinsu ne suka ci ribar, su kansu da yawa cikin talauci suka ƙare. Malam, kada ka shiga taron nan sai da jerin ayyukan da sashenku ya daɗe bai samu lokacinsu ba, kamar bin bashi da binciken kurakurai, ka sa sunan Baba a kai. Wanda ya daɗe yana duba rasit yana gane na bogi da kallo ɗaya, tsarinka ba zai gane ba.

Mai neman shawara:
Na gode Injiniya, amma ni ƙaramin ma'aikaci ne, ba ni ke raba aiki ba, za a ce na wuce gona da iri. Kuma tsarin nawa yana kama kuskure sosai, na gwada shi sau da yawa.

Maman Biyu:
To ka ga ka kore duk abin da aka ce maka. Ni dai har yanzu ina kan a fara sanar da Baba.

Abu Ammar:
Ya sanar da shi ya yi me? Ni ma an sanar da ni ai.

Mai neman shawara:
Manaja ya sake kira yanzu, wai in turo masa fayil ɗin tun daren Lahadi. Ban amsa masa ba tukuna.