Neman kalma: me za mu kira plantar fasciitis da Hausa?

Mai Shirin Lafiya:
Assalamu alaikum malamai da likitoci. Ranar Alhamis da dare za mu gabatar da shiri a kan ciwon da Turawa ke kira plantar fasciitis, kuma dole in miƙa rubutun kafin la'asar ta Laraba. Ciwon nan ne da mutum zai sauko daga gado da asuba, yana dire diddige ƙasa ya ji kamar ya taka ƙusa, ya yi ta ɗingishi har wajen alwala, bayan 'yan takawa kaɗan ya lafa. Suna nake nema wanda zan faɗa sau goma cikin minti talatin harshe bai harɗe ba, mai sauraro a kasuwa kuma ya gane. Abin da ke hannuna yanzu shi ne "kumburin jijiyar tafin ƙafa". Raina bai kwanta da shi ba.

Mai Fassara:
Wa alaikumus salam Hajiya. In asali za a bi, planta da Latin tafin ƙafa ne, fascia kuma ɗauri ko ƙyallen naɗi, itis ɗin ƙarshe ɗafi ne daga Girkanci da likitoci ke liƙa wa ciwon kumburi. Saboda haka "kumburin tantanin tafin ƙafa". Tantani ya fi jijiya dacewa.

Likitan Ƙashi:
Hajiya, don Allah ki cire jijiya, ki cire kumburi. Tantanin ma ban yarda da shi ba.

Jijiya a bakinmu ta ɗauki kaya da yawa: ta jini jijiya, mai kai saƙon ji jijiya, mai haɗa tsoka da ƙashi jijiya. Kina cewa jijiya, mai sauraro zai nufi kemis neman allurar bitamin ta jijiya, alhali ba nan matsalar take ba. Tantani kuwa abu ne sakayau kamar na albasa ko na kitse. Wannan da muke magana a kai farin abu ne mai kauri da tauri, kaurinsa wajen milimita 3 ga mai lafiya, idan an auna da sikanin aka ga ya haura milimita 4 alama ce ta ciwon. Yana tasowa daga ƙasan ƙashin diddige ta ɓangaren ciki, ya bi tafin ƙafa yana faɗaɗa, ya rabu biyar, kowane reshe ya nufi gindin yatsa. Shi ke riƙe ramin nan na tsakiyar tafin ƙafa kada ya shafe idan nauyi ya hau.

Kumburi kuma, sunan Turancin kansa ne ya yi kuskure. A 2003 wasu likitocin ƙafa a Amurka sun duba naman da aka ciro daga ƙafafu 50 da aka yi wa tiyata, abin da suka tarar zaizayewa ce da ƙananan yagewa, ba alamun kumburi ba. Tun daga nan wasu suka koma cewa fasciosis, wato zaizayewa ba kumburi ba. Bai kamata mu kwaso kuskuren wasu mu sa masa rigar Hausa ba. Ga kuma illarsa a aikace: mutum zai duba diddigensa ya ga bai kumbura ba, ya ce ai ba shi ne nake da shi ba.

Malamin Hausa:
Alhamdu lillahi, Likita ya yanke min wahala. Abin da ya siffanta Hausa tana da sunansa tun kaka da kakanni: tsirkiya. Ku dubi baka. Itacen ya lanƙwashe, tsirkiya ta ɗaure bakinsa biyu ta hana shi miƙewa. Ƙasusuwan ƙafa su ne itacen, wannan abin shi ne tsirkiya. "Ciwon tsirkiyar ƙafa". Kalma uku, babu aro, babu ƙarya a ciki. Hajiya rubuta ki wuce.

Malamar Gashin Ƙashi:
Allah gafarta Malam, kwatancen ya zauna daram. Su kansu littattafan likitanci da baka da tsirkiya suke misalta shi. Akwai ma ƙari. A 1954 wani likita mai suna Hicks ya nuna cewa idan aka lanƙwasa yatsun ƙafa sama, abin yana naɗuwa a kan gindin yatsun kamar igiya a jikin itace, ya ɗame, ramin tafin ƙafa ya ƙara zurfi. Kowa ya gwada yanzu: ɗora ƙafa a kan gwiwa, ja babban yatsa baya kamar yadda yake tanƙwarewa a sujada, sa ɗan yatsan hannu a tafin ƙafa. Za ka ji wani abu ya miƙe tsam. Shi ne. Ka bi shi da yatsa har inda ya manne da diddige ta ciki, ka danna. Mai ciwon nan sai ya janye ƙafarsa.

Inda nake da ja shi ne a matsayin suna. Tsirkiya siririya ce mulmulalliya, ta fi kama da agara ta bayan diddige. Kuma duk wanda ya ji tsirkiya, tsinkewa ce za ta faɗo masa a rai, ya tsorata ya daina taka ƙafar, wanda kuma ba shi muke so ba.

Na Maraɗi:
Mu nan a takardar likita da Faransanci aponévrosite plantaire ake rubutawa, amma abin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne épine, wato ƙaya, saboda ɗan tsinin ƙashin da hoto ke nunawa. Me zai hana a ce "ƙayar dunduniya"? Kuma ku lura, a wajenmu dunduniya ta fi diddige gudu a baki.

Likitan Ƙashi:
Ɗan'uwa na Maraɗi, wannan ita ce wadda na fi tsoro. Tsinin nan, in suna ake so, ƙaimin diddige ya dace da shi, kamar na zakara. Amma ba shi ke kawo ciwon ba. Mutane da yawa suna da shi a hoto ba su taɓa jin komai ba, wasu kuma ciwon na cin su hoton fes babu tsini. Kwance yake ma yana kallon yatsu, ba ƙasa yake soka ba. Ranar da aka gaya wa mutum ƙaya ce a ƙafarsa, abin da zai nema shi ne a cire ta: ko ya matsa a yi masa tiyatar da ba ya buƙata, ko ya kai wa wanzami a tsaga wurin. In mai ciwon suga ne, wannan tsagar tana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa.

Nas:
Ni dai a ganina a ce ciwon diddige kawai. Shi marasa lafiya ke faɗa da bakinsu. In an matsa sai an ware shi, a ce filanta, da sannu kunne zai saba.

Malamin Hausa:
Filanta! Inna lillahi. 'Yata, wannan ita ce cutar da ta fi ta diddigen. Da an ga kalmar Bature sai a lanƙwasa mata baki a ce an yi Hausa. Waɗanda suka ce hawan jini, suka ce shan inna, suka ce yoyon fitsari, suka ce farfaɗiya da sanƙarau, sun fi mu sanin Turanci ne ko sun fi mu kishin harshe? Harshen da Bargery ya tattara ƙamusunsa tun 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da nata na Hausa zalla a 2006, shi ne yau za a ce ya rasa sunan abin da ke tafin ƙafar mai shi? Ciwon diddige kuma ai buhu ne. Faso ciwon diddige ne, kaushi in ya tsage ciwon diddige ne, wanda ya taka kwalba ma ciwon diddige yake yi.

Nas:
Baba, ba raina harshe nake ba. Amma wace irin kalma ce ba a ƙirƙiro ba a 2020, ƙarshe kowa korona yake cewa har tsohuwa a ƙauye. Sikila ma ta fi amosanin jini shiga kunne. Kuma yaran yanzu nawa ne suka taɓa riƙe baka?

Malamin Hausa:
In ba su riƙe baka ba, ba su ga garaya ba? Ba su ga gurmi da kuntigi ba? Duk da tsirkiya suke kuka. Rashin sani ai koyarwa ake yi, ba a binne kalma saboda shi. Matsalar ita ce ma'aikatan asibiti kuna ganin in ba ku sa Turanci a baki ba kamar karatunku ya ragu.

Likitan Ƙashi:
Ranka ya daɗe, wannan maganar ta yi mana nauyi. Mu ne muke zaune da mara lafiya muna ganin inda kalma ke kai shi. Ka tuna ƙanjamau. Hausa ce tsantsa, amma ta zana wa mutane hoton ramammen mutum, har masu ɗauke da ƙwayar cutar da jikinsu bai nuna ba suka riƙa ganin ba su ciki, ga tsangwama, dole aka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki. Kalma ta zama ta gida bai isa ba, sai an duba abin da take sa mutum ya aikata.

Mai Fassara:
Akwai abin lura a misalan Malam kansu. Hawan jini da yoyon fitsari ba sunan gaɓa suka kama ba, abin da ke faruwa da mutum suka kama. To mene ne abin da mai wannan ciwon ya sani wanda mai faso bai sani ba? Takun farko. "Ciwon diddige na takun farko".

Malamar Gashin Ƙashi:
Wannan ya kama alamar da muke gane ciwon da ita. Dalilinta kuwa: cikin barci ƙafa kan saki ta kalli ƙasa, abin ya tsuke tsawon dare, sai a dira masa nauyin jiki gaba ɗaya lokaci guda. Haka ma bayan dogon zama, a mota ko a shago. Yakan lafa da tafiya, ya dawo da yamma in an wuni a tsaye.

Mai Shirin Lafiya:
Malamai a yi haƙuri a bar maganar wa ya fi kishi, lokaci na tafiya. Anti, ba ni abin da mai sauraro zai yi a gida, da adadi.

Malamar Gashin Ƙashi:
To Hajiya. Mafi muhimmanci shi ne kafin a sauko daga gado. A zauna, a ɗora ƙafar mai ciwo kan ɗaya gwiwar, a kama gindin yatsun duka a ja su baya wajen ƙauri har a ji tafin ya ɗame. A riƙe daƙiƙa 10, a saki, sau 10. A yi haka sau uku a rana, da kuma duk lokacin da za a tashi daga dogon zama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara takawa tukuna sannan a tuna.

Sai miƙar da sha-raɓa, don ɗaurewarta na daga cikin manyan dalilan ciwon. A dafa bango, ƙafa mai ciwo a baya, gwiwarta a miƙe, diddige manne da ƙasa, yatsu na kallon bango, a karkata gaba daƙiƙa 30, sau uku. In diddige ya ɗaga ko ƙafar ta karkace waje, aikin banza aka yi.

Idan zafin ya fara sauƙi sai ƙarfafawa, yadda aka gwada a Danmak: a tsaya a bakin matakala, a naɗe tawul a ƙarƙashin yatsu don su ɗaga, a hau kan yatsun cikin daƙiƙa 3, a tsaya 2, a sauko cikin 3. Sau 12, zagaye uku, ana tsallake kwana ɗaya. Wanda ƙafa ɗaya ta yi wa wuya ya fara da biyu.

A daina yawo ba takalmi a kan siminti da tayil, a ajiye silifas ɗin da ya shafe kamar faifai, a nemi takalmi mai taushin ciki da ɗan tudun diddige. Murza robar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa minti 10 yana rage zugi. Mai ƙiba ya rage, don kowane taku a nan yake sauka. Kuma ki gaya musu gaskiya: watanni yake ɗauka. Kusan tara cikin goma suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba, amma masu dainawa a mako na biyu su ne ke cewa bai yi aiki ba.

Likitan Ƙashi:
Ki ƙara waɗannan. Ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, da masu wuni a tsaye, da wanda ya tsiri gudu ko doguwar tafiya farat ɗaya. Allurar sitiroyid a diddige tana ba da sauƙi na kamar wata guda, amma maimaita ta na iya yaga abin ko ta narkar da kitsen da ke matsayin matashin diddige, shi kuma ba ya dawowa. Masu olsa da ciwon ƙoda su kiyayi shan diclofenac da ibuprofen barkatai. Mai suga da ƙafarsa ba ta ji sosai kada ya sa ƙanƙara ko ruwan zafi.

A zo asibiti in akwai dindiris ko raɗaɗi kamar wuta, ko ciwon na tada mutum cikin dare, ko diddigen ya kumbura ya yi zafi, ko yana ciwo idan an matse shi daga gefe biyu, wanda kan nuna tsagewar ƙashi. Saurayin da diddigensa biyu ke ciwo tare da ƙagewar baya da safe shi ma wani bincike ne daban. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 kuwa galibi ciwon wajen girman ƙashi ne.

Mai Shirin Lafiya:
Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan yi. Sunan a shiri: ciwon diddige na takun farko, zan ambaci dunduniya sau ɗaya a farko saboda masu sauraronmu na Nijar. Wajen bayanin abin da ke ciwon zan ce tsirkiyar tafin ƙafa, da misalin bakan Malam. Sunan Turancin sau ɗaya, don wanda aka rubuta masa a kati ya gane nasa ne. Babu jijiya, babu kumburi, babu ƙaya.

Malamin Hausa:
Kalma biyar wannan bayani ne, Hajiya, ba suna ba. Ba zai shiga ƙamus ba. Na yarda a yi shirin Alhamis da shi tun da tsirkiya ta samu shiga, amma a rubuce ni ciwon tsirkiyar ƙafa zan ci gaba da sawa.

Na Maraɗi:
Wasu tsarkiya suke cewa, Malam. Wanne za a rubuta?

Mai Shirin Lafiya:
Wannan sai bayan Alhamis. Likita, in Allah ya kai mu gobe da safe zan turo maka rubutun ka duba min adadin.