Wayewar kwarin kogi, ko wayewar fadama?

Malamai 'yan uwa, ina neman taimako. Zan koya wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare abin da littafi ya kira river valley civilizations, wato tsohuwar Masar a bakin Nilu, Sumar tsakanin Dijla da Furatu, biranen kogin Indus, da daular Shang a Rawayan Kogi na Sin. Na rubuta "wayewar kwarin kogi" a allo, sai wani yaro ya ce, "Malama, a cikin rami suka zauna?" Gaskiyarsa kuwa. Kwari a kunnen yaro wurin da ƙasa ta zurma ne. Me zan ce?

Malamin Hausa: Malama, tun daga kalmar farko ma akwai gyara. Yaro na jin "wayewa" zai tuna da iya sa kaya da latsa waya. Kalmar Turancin, civilization, daga Latin take, tushenta ɗan gari. Ni da "zaman birni" zan ce.

Malamin Arabiyya: Larabawa "hadara" suke cewa, kishiyar zaman daji. Me zai hana mu ara?

Malamin Hausa: Allah gafarta malam, yara za su ji "hadari", su leƙa taga.

Malama: To "dauloli" fa?

Malamin tarihi: Ya dace da Masar, wadda aka haɗe ƙarƙashin sarki ɗaya wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma Sumar birane ne kowa da nasa sarkin, irin su Ur da Uruk. Mohenjo-daro da Harappa, biranen Indus, kuwa an tono titunansu miƙaƙƙu, da magudanan ruwa na jan bulo, ba a samu fadar da za a nuna a ce ga ta sarki ba, kuma har yau an kasa karanta rubutunsu. Ki bar "wayewa" yadda take, rediyo da littattafai sun riga sun saba da ita. Minti biyar ya isa ki gyara musu fahimta: birni, rubutu, doka, rabon sana'a.

Kwarin ne matsalar, kuma muna da kalma: fadama. Ba zurfin wurin ne ya tara mutane ba. A da, Nilu kan cika duk shekara da ruwan damunar Habasha, ya malale, ya janye ya bar baƙar laka, a shuka alkama da sha'ir. Shi ya sa mutanen suka kira ƙasarsu Kemet, baƙar ƙasa. Yaron Haɗeja ko Argungu ba sai an zana masa wannan ba, ya taka da ƙafarsa. Har jigon da kakansa ke ɗibar ruwa da shi, akwai hotonsa a bangon kaburburan Masar.

Malamin Arabiyya: Fadama ba ta yi ƙanƙanta ba? Mu nan ta albasa da tumatir muka sani.

Malamin tarihi: Girma ne kawai ya bambanta, malam. Sai dai a faɗa wa yara fadamun ba halinsu ɗaya ba. Cikar Dijla da Furatu ba ta da alƙawari, takan zo daf da girbi, dole Sumarawa suka haƙa hanyoyin ruwa da madatsai. Wanda zai tsara wannan aikin gayya, ya ƙidaya hatsi a rumbu, shi ya buƙaci rubutu a kan yumɓu.

Malamin Hausa: Na sauka daga kan "zaman birni". A kan darasi a rubuta "wayewar fadamun manyan koguna", a baki a ce "wayewar fadama".

Malama: Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan gwada. Saura sunan rubutun nan na Sumar mai kama da sawun kaza.