Inshorar matsakaiciyar mota: abin da na tsinta a hirarmu

Jiya mun daɗe muna tattauna inshorar mota irin su Camry da Accord, na ce bari in rubuta kafin in manta.

Inshora mai arha, wadda doka ta fi wajabtawa a yawancin ƙasashe, wanda ka buga kawai take biya, motarsa ko jinyarsa, taka kuwa ko fitila ɗaya ba za a saya maka ba. Cikakkiyar ce ke ɗaukar sata da gobara da gyaran motarka, shi ya sa ta fi tsada. Kusan kowa ya ce in motar sabuwa ce ko bashi ka ci ka saya, to ka daure ka yi cikakkiya.

Inda aka fi jan magana shi ne kason da za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya cika sauran, in ka ɗaga shi kuɗin shekara zai sauka, amma wallahi kar ka zaɓi abin da ba za ka iya fitarwa ba ranar da kake tsaye bakin titi bamba a ƙasa. Ni wannan ya fi damuna.

Farashi kuma yana bin shekarunka, tarihin tuƙinka, tsadar kayan gyara da inda motar ke kwana. In ta rugurguje, galibi darajarta ta lokacin za a ba ka, ba kuɗin da ka saya ba.

In an yi hatsari ka ɗau hoto, ka kira kamfanin inshorar da wuri, kar makanike ya taɓa ta kafin su gani.