Tambaya kan na'urar ƙona tsiron fata da lantarki a ƙaramin asibiti

Sabon_Likita: Assalamu alaikum. Mai fara aiki da na'urar ƙona fata irin su Hyfrecator wajen cire ƙananan tsiron fata da tsayar da jini, me ya kamata ya fi kiyayewa? Kuma dole ne a manna faifan nan mai mayar da wuta a jikin majiyyaci?

Dakta_Fata: Wa alaikumus salam, Likita. Faifan ya danganta da na'ura. Hyfrecator mai ƙaramin ƙarfi ce, yawanci ba ta buƙatarsa. Amma wadda ke yanka, dole a manna shi gaba ɗaya a wuri mai tsoka kamar cinya, ba kan ƙashi, gashi ko tabo ba. Idan rabinsa ya ɗago, wutar za ta taru a ɗan abin da ya rage ta ƙona mutum.

Ka yi allurar kashe zafi ta lidocaine kashi 1 cikin 100 tukuna. Fara da ƙarfi mafi ƙanƙanta. Ko ka taɓa tsiron da bakin allurar na'urar har ya yi fari ya bushe, ko ka ɗaga ta milimita 1 zuwa 2 tartsatsi ya ƙona samansa kawai, sannan ka goge da bandeji. A baƙar fata, zurfafawa ce ke barin farin tabo ko mai kumburi, musamman a ƙirji, kafaɗa da fatar kunne. Gara a bar saura a sake zama. Baƙin tsiron da kake shakka kuwa, kada ka ƙona. Yanko shi a kai ɗakin gwaji.

Sista_Tiyata: Ranka ya daɗe, a ƙara da batun gobara. Sifirit yana kamawa, sai ya bushe sarai kafin a taka fedar kunna na'urar. Haka feshin kashe zafi na ethyl chloride, da oksijin in aikin a fuska ne. A cire zobe da sarƙa. Hayaƙin ma ba na shaƙa ba ne, yana iya ɗauko ƙwayar cutar HPV mai kawo tsiron fata: a sa takunkumin N95, bututun zuƙa ya tsaya kamar santimita 2 daga wurin.

Sabon_Likita: Na gode, Sista. To in jinin ya ƙi tsayawa fa?

Dakta_Fata: Kada ka ƙara ƙarfi. Jini ne ke watsa wutar. Danne, tsane wurin, kama jijiyar da hantsaki, ka taɓa hantsakin da allurar na'urar sakan 1 ko 2. Bakinta in ya yi gawayi a kankare. Kuma tambayi kowa ko an dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya. In akwai, koma hantsaki mai baki biyu da wutar ke bi tsakaninsu, ko abin ƙonawa mai batir.